Wayar Abla Inshirah

Ran da Midhat ya fara kawo fim ɗin gidan surukarsa, shigowa ya yi kamar alhajin da ya dawo da tsaraba. Ya sa matarsa Abir ta dafa shayi, ya ja labule, ya tsaya gaban talabijin ya yi ɗan jawabi kan irin wahalar da ya sha wajen nema. Yana dannawa sai ga wani Bature ba riga a bakin teku, ga wata Baturiya da rigar tata ba ta kai a kira ta riga ba, sun taho da gudu za su rungumi juna. Midhat ya zabura zai kashe, rimot ya kuɓuce ya shige ƙarƙashin kujera. Ya durƙusa yana lalube, ƙeyarsa ta daki tebur, shayi ya bi masa wuya. Surukar, Abla Inshirah, ko murya ba ta ɗaga ba. Ta dubi allon, ta dubi mijin 'yarta yana rarrafe a ƙasa, ta tambaye shi wanne ne janar ɗin a cikinsu.

Laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. Ba wanda ya san sunan fim ɗin na gaskiya. Lokacin da bidiyo ya shigo garinmu Damanhur, masu shagon haya ba ruwansu da sunan da Turawa suka raɗa wa fim. Su dubi hoton kwali, su ƙago suna mai firgitarwa, su rubuta da jan alƙalami a gefen kaset. Wannan an sa masa Shaiɗan a Cikin Waya. Midhat ya nemi haka a intanet, ya ga abin da ya gani, ya yi istigfari.

Ba kuma son kallo ne ya tayar da shi ba. A farkon sanyi surukar tasa ta faɗi. Tana kicin waya ta yi ƙara a falo, ta taho da sauri da ludayi a hannu, silifa ya zame, ƙashin ƙugu ya tsage. Da jan ciki ta kai ga wayar, kuma sai da ta sallami mai kiran sannan ta buga wa 'yarta. Tun daga ranar Abir ta daina barcin kirki. Ta gyara wa uwar ɗaki a gidansu na sabuwar unguwa, ƙetaren ruwa, ta sayi katifa, ta ɗinka labule, ta kawo jaka ta ajiye a bakin gado ta fara cusa kaya. Uwar ta ce ba inda za ta. Ba don maƙwabta ba, ba don a nan mijinta ya rasu ba. Layukan sabuwar unguwa daban ne, in ta koma can lambarta za ta canza, ita kuwa ba ta barin lambar nan.

Wanda bai san ta ba zai ce rigimar tsufa ce, amma tun tana budurwa haka take. 'Yar mai gyaran keken ɗinki ce. Tana gama sakandare ta shiga aikin santaral, ofishin haɗa layin tarho, a zamanin da in kana son magana da ɗan'uwanka a Alkahira sai ka zo da safe ka ba da lamba, ka zauna kan benci da burodinka, a kira ka wajen la'asar. Ita ce muryar da ke kiran. Zaune take gaban allo mai ramuka, abin saurare a kunne, tana cusa wannan igiya tana zare waccan, ƙafarta ɗaya tana ta kaɗawa a ƙarƙashin tebur. Har yau ƙafar ba ta huta ba. Yaƙin Oktoba na 1973 ya same ta sabuwar ma'aikaciya, ta yi kwanaki ba ta ga gida ba tana haɗa sojoji da iyayensu mata. A can ta ɗauko ƙa'idar da ta koya wa duk yarinyar da aka zaunar kusa da ita: ba a zare igiya sai an shiga layi an tambaya, "Kun gama?" Ko da an ji shiru. Ta sha jin shirun da mutum ke yi yana haɗiye kuka kafin ya faɗi abin da ya kira domin sa.

Ita da ke haɗa wa gari layi, sai da ta yi aure, ta haifi Abir, Abir ta shiga makaranta, sannan nata layin ya fito. Ran da aka kafa wayar maƙwabta sun zo sun sha lemo. Ba a yi mako ba aka fara kira ana neman likita. Lambarta da ta wani asibiti duk ɗaya ce, sai ƙarshe: tata biyu, tasu uku. Biyu da uku kuwa a rubutunmu na Larabci haƙori ɗaya ne ya raba su. A ƙauyukan kewaye an rubuta lambar asibitin da fenti a bangon masallatai da na shagunan magani, rana ta ci, ruwa ya ci, haƙorin ya zube. Duk wanda matarsa ta tashi da naƙuda ko tsohonsa ya shiɗe, sai ya karanto biyu ya faɗo falon Abla Inshirah.

Da wani ne, da ya je ya canza lamba. Ita kujera ta jawo kusa da wayar. Ba ta taɓa fara ce wa mutum ya yi kuskure ba, don ta ce mai firgici in ka ce masa kuskure ne, kashewa zai yi ya sake buga wadda dai ya buga, tunda ita ce a jikin bango. Sai ta fara tambayarsa ina yake, wa ke ciwo, yana numfashi ko ba ya yi. In ya natsu ta karanta masa lambar gaskiya a hankali, ko ta aika a kira masa mota. Wayoyin hannu sun zo sun rage mata kasuwa, amma tsofaffin ƙauye har yanzu bango suke dubawa.

Ta wannan ƙofar ma Midhat ya shigo gidan. Yana saurayi, sabon buɗe shagon kayan famfo, ya buga asibiti zai tambayi lokacin ziyarar kawunsa. Uwar tana kan sallaya, Abir ta ɗauka. Maimakon ya ba da haƙuri ya ajiye, sai ya ce jin muryar nan kaɗai ya warkar da kawun nasa. Washegari ya sake yin kuskuren, jibi ma haka. Kawun ya rasu, shi kuma ya yi aure.

To ina fim ya shigo? Ƙanin mijin Abla Inshirah ne ya dawo daga aiki a Libiya da na'urar bidiyo. Wata Juma'a mijin, Ustaz Abdulwadud malamin labarin ƙasa, ya ɗauko hayar kaset ɗin nan. Shekarun da rediyo ba shi da zance sai Amurka da Rasha ne, wa ya fi wa makamin nukiliya, a gidajen shayi ana gardamar ko ƙurar za ta iso nan in manyan suka harba. A fim ɗin wani ma'aikaci da aka kora ya yi kutse cikin kwamfutar sojoji ta wayar tarho, ya rikita musu layuka. Wani jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku ya ɗauka an ba shi umarnin harbi. Janar yana ta neman ya hana, duk lambar da ya buga sai ta faɗa wani wuri, nan gidan wanki, can shagon aski. A ƙarshe kiran da ake ganin zai ceci duniya ya faɗa gidan gonar wani tsoho. Waya tana ƙara a falo, tsohon yana tahowa daga garken shanu yana jan ƙafa, yana tsayawa yana goge takalmi a bakin ƙofa. Abla Inshirah ta miƙe tsaye. Sai allon ya yi tsalle, ga 'yan ƙwallon Zamalek suna gudu a fili. Wani ya naɗi wasa a kan ƙarshen kaset ɗin.

Ustaz Abdulwadud ya yi dariya har da tari, ya zauna ya kalli ƙwallon. Ya tabbatar mata, a matsayinsa na masanin taswira, ko manyan sun harba ba mai ɓata makami a kan Damanhur. Ita ba ta yi dariya ba. Ta san abin da bai sani ba: layi yana shiga layi kullum, a hannunta ma ya sha faruwa. Tun daga nan, in ji Abir, wayar gidan ba ta ƙara yin ƙara ta biyu ba. Biki in ya wuce awa sai ta fara neman takalminta. Umara ma sai da ta ajiye wata tsohuwar abokiyar aikinta a gidan sannan ta tafi, kuma daga Makka ta riƙa bugowa tana jarraba ta.

Shi ya sa Midhat ya kawo shawararsa. Ya ce wa Abir tsohuwar nan a tsakiyar fim ta maƙale, shekara arba'in tana tsaye tana jiran mutum ya gama goge takalmi. A nuna mata ƙarshen, ƙullin zai kwance, ta ɗauki jakarta. Abir ta ce in hakan ya yi aiki za ta daina ce masa surutunsa ba ya kawo komai.

Bayan abin kunyar bakin teku, ya bi sawun mai shagon hayar, Ammu Zaglul, wanda yanzu rigunan wayar hannu yake sayarwa a bakin tashar jirgi. Tsohon ya saurari labarin, ya rufe ido, ya ce ai wannan fim ɗin janar mai tabo a gira ne, kuma wasan da aka naɗa a kai canjaras aka tashi. Da tabon nan da jirgin ƙarƙashin teku aka lalubo fim ɗin. A wannan karon Midhat sai da ya kalli farkonsa shi kaɗai a shago, ƙofa a rufe.

Juma'a bayan masallaci suka hallara. An ci miyar lalo da zomo, an kwashe kwanuka. Abla Inshirah ta ƙi zama kan doguwar kujera, ta ce tana haɗiye mutum. Aka sa mata ta katako, sandarta mai ƙafa huɗu a gefe, fuskarta rabi ga talabijin rabi ga ƙofar falo inda wayar take. Tun kafin rubutu ya gama wucewa ta tambayi Abir ko ta kashe gas, ta sa aka rage ƙara, ta sa aka ƙara, ta ce labulen ya yi duhu.

Fim ɗin ya tsufa fiye da yadda kowa ya zata. Kwamfutar da ta hana duniya barci girmanta ya kai kabad ɗin amarya, tana ƙifta fitilu tana tofo takarda. Midhat ya ce wayar da ke aljihunsa ta fi ta ƙwaƙwalwa, kuma ita ma ba abin da take yi sai kawo masa gaisuwar Juma'a daga masu bin sa bashi. Ya ce gashin janar ɗin kaɗai ya isa a yi yaƙi a kansa. Abir ta yi dariya tana satar kallon uwarta. Uwar ba ta ji su ba. Ƙafarta mai lafiya tana ta kaɗawa. Da aka nuno yarinyar santaral ta sojoji tana zare igiya ba tambaya, ta yi tsaki, ta ce da a ƙarƙashinta take da yau ta koma gidan ubanta.

Abin da ya ba ta mamaki mai kutsen ne. A tunaninta mugu ne mai jajayen idanu. Sai ga shi ɗan rama mai tabarau, rigarsa ta yi masa yawa. Kuma akwai wurin da ta manta gaba ɗaya: tun a farko yana ta buga wa shugabansa waya zai gaya masa na'urar tana da ɓaraka, ana ajiye masa waya a kunne.

"Ka gani ko," ta ce, ba tare da ta juyo ba. "Da wani ya saurare shi tun nan, da kowa ya tafi gida ya ci abinci."

"Da kuma ba a yi fim ba, Hamati," in ji Midhat, don haka yake ce wa surukarsa. "Kin ga, da Ammu Zaglul ya mutu da yunwa."

"Rufe mini baki, ya Basha. Ga gonar nan."

Ga gonar kuwa. Ga waya baƙa a kan tebur tana ƙara, ga tsoho ya fito daga garke da bokiti. Abla Inshirah ta kama hannun sandarta. Tsohon ya ajiye bokiti, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗaga ƙafa zai goge. Sai ƙarar ta zama biyu. Midhat ya ɗauka amsa-kuwwa ce, har ya kai hannu ga rimot, sannan ya ga surukarsa ta yunƙura za ta tashi, fuskarta ta yamutse don zafin ƙugu, Abir ta riƙe ta da hannu biyu.

"Midhat," ta ce. "Ɗauka."

Ya tafi da barkwancinsa a baki, yana shirin cewa nan ma'aikatar tsaro ce, wa za a harba. Bai samu faɗa ba. Muryar mace ce, ba yarinya ba, tana magana da sauri ƙasa-ƙasa kamar mai tsoron kada wani ya farka. Mijinta ya dawo daga masallaci ya ce ƙirjinsa, ya zauna a tsakar gida, yanzu ba ya amsa ta. 'Ya'yan duk suna Iskandariyya. Likita ya zo, don Allah.

Midhat ya buɗe baki zai ce ba asibiti ba ne. Daga cikin ɗaki ya hango surukarsa ta ɗaga masa yatsa ɗaya tana girgiza shi. Ya haɗiye maganar.

"Ina jin ki, Hajiya," ya ce. "A wane ƙauye kike? Gidan yana kusa da me?"

Ta faɗa. Ya maimaita da ƙarfi, Abir ta riga ta ciro wayar hannunta tana kiran motar asibiti. Daga kujera ake jefo masa tambaya yana miƙawa: yana numfashi? Ta sa kunne a bakinsa. Ta kwance masa maɓallin wuya. Akwai maƙwabci kusa? Ta buga ƙofa da ƙarfi ta dawo, kada ta ajiye waya. Sai tambayoyin suka ƙare, mota ba ta iso ba, matar ta fara shessheka. A nan ne bakin da Abir ta ce ba ya kawo komai ya samu aiki. Ya tambaye ta sunan maigidan, ya tambayi me yake nomawa. Ya ce mai noman auduga ba ya mutuwa kafin girbi, rowa ba ta barin sa. Matar ta yi wani sauti tsakanin kuka da dariya, ta ce wallahi kamar ya san shi. Ya ci gaba da zuba, gumi yana bin bayansa, igiyar wayar ta naɗe masa yatsu, har ya ji hayaniyar maza ta cika gidan can, wani yana cewa a buɗe hanya.

Layin ya yi shiru. Ya kai wayar rabin hanya zai ajiye, sai ya mayar da ita kunne.

"Kin gama, Hajiya?"

Ba ta gama ba. Ta ce takalmin mutumin ƙafa ɗaya ne kawai ta gani, za su tafi da shi ba takalmi. Ya ce ta bar takalmin ta ɗauki mayafinta ta bi su. Ta yi masa addu'a, ta kira shi likita, ta ajiye.

Da ya dawo ɗaki, sunaye ne ke hawa a allon talabijin da kiɗa. Ya zauna a hannun kujera, ya sha ruwan da ba nasa ba. Ya tambayi surukarsa yaya za a yi su san ko mutumin ya tashi. Ta ce ba a sani. Wani lokaci bayan wata guda a bugo a yi godiya, ko a aiko da kwandon lemo, amma yawanci shiru ne. Ta faɗe shi kamar mai ba da labarin farashin tumatir, ƙafarta tana kaɗawa.

Abir ce ta mayar da fim ɗin baya. Tsohon ya goge takalmi, ya goge ɗayan, ya shiga, ya miƙa hannu, wayar ta yi shiru. Ya ɗaga kafaɗa ya koma wajen shanunsa. Can kuma mai tabarau ya yi nadama da kansa, ya mayar da layuka yadda suke, janar ya samu jirgin, aka rungumi juna, aka ɗaga tuta. Gidan gonar ba a ƙara nuna shi ba.

Abir ta tashi ta shiga ɗakin barci. Ta ƙofar da ta bari a buɗe Midhat ya ga ta durƙusa gaban jakar nan, ta daɗe tana kallon ta, sannan ta fara ciro kaya tana mayarwa kabad. Shi ma ya kama kansa yana auna bango da ido, daga falo zuwa kicin, daga kicin zuwa bakin gado, yana lissafin inda igiya za ta bi a kafa wasu kawunan wayar, yadda ko ina take hannu kawai za ta miƙa. Ya kuma san daga yau kwanan Abir zai rabu gida biyu, abincin darensa zai koma burodi da cuku. Duk da haka bakin bai iya haƙura ba.

"To, Hamati, kin dai gani da idonki," ya ce. "Ba a ɗauka ba, duniya kuma ba ta tashi ba. Shekara arba'in kina gudu a banza. Me zai faru in kika bar ta ta yi ƙararta sau ɗaya?"

Abla Inshirah ta dube shi daga sanƙo har silifa.

"Ai na taɓa bari sau ɗaya, ina salla, Abir ta ɗauka," ta ce. "Ga ka nan zaune ka cinye mini zomo."